Wayoyi Biyu a Motar Kolo

Idan ka baro Ɗanbatta ka sauka daga kwalta ka kama burji, ka ratsa gonakin nan da ba ka gane inda ta wane ta ƙare sai ka ga layin gamba, za ka iso Unguwar Marke. Abin da zai fara tarbar ka wata darbejiya ce a bakin hanya, ƙasar gindinta baƙa wuluk saboda tsohon baƙin mai. Nan ne garejin Muntaka. Babu rumfa, babu allon suna, sai benci guda da wani akwatin ƙarfe da ya ɗaure a jikin bishiyar da sarƙa, kamar yana tsoron ɗayansu ya gudu ya bar ɗaya.

Muntaka Bafillatani ne, amma irin na gida, waɗanda Fillancinsu ya tsaya a gaisuwa. Mahaifinsa ya so ya riƙe masa 'yan shanun da suka rage, sai dai yaron da ya ji ƙugin mota daga nesa yakan bar su su faɗa gonar mutane ya tafi kallo. Da aka gaji da zuwa ban haƙuri sai aka kai shi Kano wajen wani bakanike. Ya yi shekaru a can, ya dawo da gemu, da wancan akwatin, da wata aƙida da bai taɓa saki ba, cewa duk ciwon da mota za ta yi daga kafireta yake farawa.

A zamaninsa kuwa yana da gaskiya. Motocin da ke bin hanyarmu a lokacin fijo ne da a-kori-kura, sai tsofaffin bas masu kai mutane Kano, kuma duk kafireta gare su, wato 'yar tukunyar nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Muntaka ba shi da kayan aikin da ya wuce kunnensa da bakinsa. Mota tana tahowa tun daga kwanar makabarta zai ɗaga kai ya ce wannan ta sha datti. Kafin direba ya gama sallama ya ɗaga bonet, ya kwance tukunyar, ya baje 'yan ƙananan ƙarafunanta a kan tsumma, ya riƙa ɗaukar kowanne yana kai shi baki yana hurawa, sannan ya ɗaga sama ya leƙa rana ta cikin hudar. In mai ne ya ƙi tahowa, tiyo zai sa ya zuƙo shi, ya furzar, ya ci gaba da labarin da yake bayarwa daga inda ya tsaya. Matarsa Hure ta ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa yarda ya hura mata wuta a murhu ba.

Harkar wuta kuwa bai ɗauke ta wani abu ba. A fijo, in ji shi, aikin waya guda ne, ta kawo wuta, jikin motar shi ke mayar da ita batir. Saboda haka waya iri biyu ce a duniya, mai wuta da matacciya, kuma maganin matacciya shi ne a jawo mata wuta kai tsaye daga batir a naɗe da salatif. Da wannan ilimin ya tayar da fitilu da hon da ba su ƙirguwa, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara.

Ranar kasuwar Ɗanbatta a waccan shekarun, a tsaye yake cin abinci. Da aikin nan ya yi ɗakin bulo, ya aurar da 'ya'ya mata, ya sayi keken da har yau yake hawa. Direbobi sukan ajiye masa rake ko ƙullin tsire a kan akwatin ko da ba su da gyara, don kawai a san da su ranar da za su buƙata.

Motocin ba rana ɗaya suka mutu ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɓacewa, sai dai a ce af, ina fijon wane, a ce ai tuni. Waɗanda suka maye gurbinsu 'yan Kwatano ne, masu injekta, wato waɗanda wuta ke fesa wa injinsu mai. Ka ɗaga bonet ba tukunya, sai roba da wayoyi a naɗe kamar taliya. Sabbin direbobin suna da ladabi, sukan rage gudu su ɗaga masa hannu su ce sannu Baba, su wuce Kano inda ake sa wa mota kwamfuta. Muntaka ya ce motar da sai an kawo mata kwamfuta za ta faɗi inda ke mata ciwo ba ta da tarbiyya. Ya koma karɓar babura da injin niƙa da ƙananan janareto, amma in ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce ai ba aiki, ana dai rage zafi.

Mota ɗaya ce ba ta daina tsayawa a gindin darbejiyar ba, ita ce ta Kolo.

Kolo Babarbare ne, amma shi ma na gida. Kakansa ya zo daga Barno da fataucin kanwa ya ga wurin ya yi masa ya zauna, kuma abin da ya rage wa jikan na Barbarci bai wuce sunan ba da son turare. Tare suka tashi da Muntaka, kuma da yake tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, ba su taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Kolo zai tsaya ya danna hon ya ce Bafillatani ya fito ubangidansa ya iso. Muntaka ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce wa ya ba bawa izinin zama a mota alhali ubangijinsa na ƙasa. Haka suke tun suna da baƙin gashi.

Motar doguwa ce mai rufaffen baya, ita ma mai injekta, amma Muntaka ba ya shiga harkar injinta. Birki yake mata, da juyen mai, da ƙafafu. Ita kaɗai ce motar da ke kwana a Unguwar Marke. Ita ke kai buhu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, kuma daga ita gidan Kolo ke ci, domin gonarsa in ka tsaya a wannan bakin ka yi tari na wancan bakin zai ce maka sannu.

Sai aka shiga shekarar da aka cire tallafin mai. Kuɗin mota ya tashi, mutane suka daina tafiya sai ta dole, ta dolen ma wasu a ƙafa. Kolo yakan zauna a tasha har azahar mota ba ta cika ba, in ya tafi da rabi ya dawo man da ya ƙona ya fi abin da ya samu. Da damina ta kankama sai ya shigar da ita bayan zaure, ya cire batir, ya sa duwatsu a ƙafafunta, ya ɗauki fartanya. Ya zuba gyaɗa a 'yar gonar da wata da ya ara, Allah kuma ya sa ta yi kyau.

Wurin ajiya ne ya gagara. Rumbunsa ya zube a ruwan Agusta, kuma shekarar an yi sata irin wadda ba mu saba gani ba, har a gona ake bin dami. Matarsa Falta ce ta kawo shawara. Ta ce a duk gidan nan abu ɗaya ne ke da makulli, ba ya yoyo, kuma kana iya leƙa kayanka ba tare da ka buɗe ba. Aka cire kujerun baya, aka danƙara buhunan gyaɗa har rufi, aka kulle. Mutane suka riƙa zuwa kallo suna yaba dabara. Muntaka ya ce wannan ne karo na farko da aka yi tunani a gidan Babarbare, shi ma macen ce ta yi. Ashe ba mu kaɗai muka yaba ba, amma wannan sai daga baya muka sani.

Da rani ya shigo sai wata ƙofa ta buɗe. Wani dillalin tumatir a Watari, inda ake noman rani, ya ce wa Kolo zai ba shi jigilar kwandunansa zuwa Kano har ƙarshen kaka, kuma shi zai riƙa zuba mai. Sharaɗin guda ne, mota ta zama a shirye kafin tumatir ya fara nuna, in ba haka ba akwai masu jira. Kolo ya dawo gida yana tafiya kamar saurayi. Ya sauke gyaɗar, ya mayar da batir, ya murɗa makulli. Motar ta tashi, amma tana kakkarwa kamar mai masassara, salansa na tari, in ya taka mai sai ta yi kamar za ta amsa ta fasa. Da ƙyar ta kai kanta gindin darbejiya.

Muna zaune a benci a ranar, ni da Nababa mai shayi da wasu dattawa. Muntaka ya saurara, ya zagaya motar, ya ce da ƙafa uku take tafiya, silinda ɗaya ba ya aiki. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa jin ya faɗa ba. Ya ce a kai ta Kano.

"Da me?" in ji Kolo. "Wannan ko garin Kunya ba za ta kai ba. In ɗauko mai ja in biya shi da me, da gemunka?"

"Ba irin tawa ba ce, Kolo."

"Yau kuma Kolo na zama? To ji nan, ɗan Fillo, ni ban san wani likita ba sai kai. In ka iya kiwon saniya da kunne, ka iya wannan."

Muntaka ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa tukuna. Daga nan ya buɗe akwati.

Gaskiya a faɗa, farkon aikin ya yi shi kamar wanda aka haifa a cikin injekta. Ya bar injin yana kakkarwarsa ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai injin ya ƙara shiga wahala, amma da ya zare ta uku ko a jikinsa. Ya ce to ga maras lafiyar. Ya ciro fulogin ya kara shi a jikin inji, Kolo ya murɗa makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Wuta lafiya. Ya shinshina bakin fulogin ya ji shi a bushe, ba ƙamshin fetur. Ya ce ashe yunwa ce, ba a ba shi abinci.

A irin wannan motar, kowane silinda yana da nasa nozul, wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke fesa masa mai, kuma kowane nozul yana da soket mai wayoyi biyu. Muntaka ya ɗauko doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a kan nozul na farko, ya manna ƙotar a kunne. Ya ce yana ƙyas-ƙyas kamar agogo. Na biyu ma haka, na huɗu ma haka. Na uku shiru. Nababa ya ce a ba shi ya ji, aka ba shi, ya saurara da kyau ya ce shi duka huɗun ƙara ɗaya yake ji, aka karɓe sukudirebar aka ce ya koma wajen shayinsa.

Ya ciro nozul ɗin ya kai baki kamar yadda ya saba. Ya hura, ya hura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, idanu suka yi ja, iska ta ƙi wucewa. Ya ce ya toshe. Don ya nuna mana bambanci ya ciro na biyu mai lafiya ya hura, shi ma ko kaɗan. Ya tsaya yana kallon su biyun a tafin hannu. Kolo ya ce ko dai Bafillatanin ne ya toshe. Ashe nozul a rufe yake zama, wuta ce ke buɗe shi, ba a hura shi.

Nan ya yi wata dabara mai kyau. Ya sauya musu wuri, ya sa na biyu a gurbin na uku, na uku a gurbin na biyu, aka tayar. Ciwon bai bi nozul ba, ya zauna a silinda na uku. Wanda ya yi shiru ɗazu yana can yana ƙyas-ƙyas a sabon gidansa. Muntaka ya miƙe ya ce to nozul ba shi da laifi, saƙo ne ba ya iso masa, ciwon a waya yake. Muka jinjina kai. Na ga fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

Ya ɗauko kwan fitilarsa na gwaji mai 'yar waya a gindi, ya cire soket na uku, ya ce Kolo ya kunna makulli. Ya taɓa wayar farko, kwan bai kama ba. Ya taɓa ta biyu, bai kama ba. Ya yi murmushi, domin ya iso ƙasar da ya sani. Ga matattun wayoyi biyu, ga batir kusa.

Da ya ɗora kwan nan a soket na biyu da ke maƙwabtaka, da ya ga cewa ko a mai lafiya waya ɗaya ce ke kamawa. Bai ɗora ba. Ba abin da zai sa ya ɗora, tunda amsar da ya samu ita ce wadda ya saba samu tun yana saurayi. Ya yanko waya mai kauri, ya feɗe bayan wayoyin soket ɗin duka biyu, ya murɗe su da ita, ya kai ɗaya bakin kan batir. Ya ce ba zai ba ɗaya ya hana ɗaya ba, shi ba ya rabo irin na Barebari. Ya mayar da soket ya ce a tayar.

Kolo ya murɗa. Injin ya juya, aka ji wani ɗan ƙara ɗas daga can ƙarƙashin gilashin gaba, ƙaramin ƙara, ko kaza ba zai firgita ba. Sai wani wari ya biyo baya, irin na rediyon da ya ƙone. Kolo ya sake murɗawa. Injin ya yi ta juyawa, bai kama ba. Motar da ta zo da ƙafa uku yanzu ba ta da ko ɗaya.

Nababa ya tashi ya ce bari ya duba ruwan zafinsa.

Muntaka ya cire wayar da ya jona, ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, ya canja wanda ya ƙone, ya ce a sake gwadawa. Shiru. Ya sa aka tura ta har kwanar makabarta aka dawo. Shiru. Kolo ya ce wataƙila fushi ta yi, a bar ta ta huce, ya tafi gida a ƙafa yana waiwaye.

Washegari Muntaka ya fara warware naɗin wayoyin daga soket yana bin su baya. Can ƙarƙashin bututun iska, a wani lungu da hannu ke shiga da ƙyar, ya jawo tarin ɓawon gyaɗa da tsummokara da kashin ɓera. Sheƙa ce sosai, an yi ta da natsuwa. A tsakiyarta ga waya guda a gutsure, wadda ke kawo wa nozul na uku wuta. Abin da ɓeran ya ci bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Muntaka ya feɗe bakunan, ya haɗa, ya naɗe da salatif tsaf, irin ɗaurin da ake nuna wa mai koyo. Ya sa kwan fitila, ya kama. Ya murɗa makulli da kansa. Motar ba ta tashi ba.

Ya bi warin jiya har ya kai ga wani akwatin ƙarfe mai faɗin littafi da duk wayoyin ke shiga cikinsa, wanda direbobi ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ya kwance shi, ya naɗe a ɗankwalin Hure, ya sa a buhu, ya hau motar kasuwa zuwa Kano.

A wajen Ƙofar Ruwa aka nuna masa shagon wani mai gyaran irin waɗannan, sunansa Usaini, mutum mai sanyin magana. Ya ba Muntaka kujera, ya buɗe akwatin, ya juyo masa da shi. A tsakiyar koren allon akwai baƙin tabo, ya ci har ya huda. Usaini ya tambaye shi yadda aka yi, Muntaka ya ba shi labari bai rage komai ba. Usaini ya ce har wajen kwan fitila aikin daidai ne, shi ma haka zai bi. Sai dai waya ta biyu ba matacciya ba ce, haka aka yi ta ba wuta. Ta farko ke kawo wuta, ta biyu kuma hanyar fita ce, kuma ƙwaƙwalwar ce ke tsaye a bakinta tana buɗewa tana rufewa, duk buɗewa ɗaya nozul ya fesa mai. Da aka jona mata batir kai tsaye, ƙwaƙwalwar tana buɗe ƙofa wutar batir gaba ɗaya ta afka mata.

"Da ɗayar kawai na ba fa?" in ji Muntaka.

"Da yanzu tana Watari, Baba."

Ya tambaya ko tana gyaruwa. Usaini ya ce da a gefe ta ƙone da ya gwada, amma wannan ta tafi da hanyoyi da yawa, sai dai a nemi wata. Ya zagaya da shi shaguna da kansa har suka sami irinta guda a wajen wani mai kayan Kwatano. Kuɗin da aka faɗa ya sa Muntaka ya nemi wurin zama. Mai shagon ya ce kuma wannan na yau ne, shi ma bai san na jibi ba, dala ce ke yanka musu farashi.

Da ya dawo bai biya gida ba, gidan Kolo ya wuce. Ya ajiye buhun a zaure ya ce shi ya kashe motar, da hannunsa, kuma ya faɗi yadda aka yi. Kolo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ƙarya ne. Ya ce gyaɗarsa ce, ɓeransa ne, a gidansa aka yi ɓarnar, Bafillatani kada ya zo ya ƙwace masa laifi kamar yadda kakanninsa suka saba ƙwace wa mutane kiwo. Muntaka ya ce ɓera ƙafa ɗaya ya cire, shi ya cire ukun. Kolo ya ce wa ya ce a kai ta Kano, wa ya ƙi. Falta ta leƙo daga cikin gida ta ce in rabon laifi ake a ajiye mata nata, ita ta ce a zuba gyaɗar. Suka yi ta ja har aka kira la'asar, kowa na son ya fi kowa laifi, kuma da aka idar da salla motar tana nan inda take.

Sun yi ƙoƙari, ba za a ce ba su yi ba. Kolo ya sayar da gyaɗar, har wadda ya ware ta iri. Muntaka ya sayar da tunkiyar Hure da izininta, ko da yake ta ce izinin bayan an kai ta kasuwa aka nema. Suka haɗa suka aika, aka ce kayan ya tashi. Suka ƙara da abin da suka samo wajen dangi, kafin ya isa ya sake tashi. Kullum suna bayansa da taki ɗaya. Daga ƙarshe Usaini ya aiko cewa wani daga Katsina ya saye ta, amma yana cigiyar wata.

Shi kuwa tumatir ba ya jiran cigiya. Ya nuna, dillalin ya aiko sau ɗaya, ya sake aikowa, sannan ya ba wani mai mota daga Rimin Gado. Ba wanda ya ga laifinsa.

Motar ta zauna a gindin darbejiya har ƙarshen rani. Kowace safiya Muntaka yakan share mata ganye daga gilashi, ya duba iskar tayoyi, wani lokaci ya ɗaga bonet ya tsaya yana kallo, ya rufe. Kuɗin gyaɗar da aka tara don ƙwaƙwalwa ya riƙa komawa tukunya kaɗan-kaɗan, domin gidan Kolo ba su daina cin abinci ba don mota ta tsaya. Da hatsi ya ƙare musu gab da faɗuwar ruwa, Kolo ya aika wa masu sayen mota su farke ta su sayar da kayan.

Suka zo su biyu suka duba, suka ce inji daban za su ɗauka, giya daban, ƙofofi da gilasai daban, gangar jikin kuma ta masu sayen ƙarfe a kilo ce. Suka ce za su kawo mai kwancewa daga Kano. Kolo ya ce ba wanda zai sa mata sifana sai Muntaka.

"Ka rufa min asiri, Kolo."

"Kai ka san inda kowane noti yake. Waɗannan da guduma za su yi mata. Tashi, bawa, ka yi aikin ubangidanka."

Ya tashi ya yi. Ban taɓa ganin ya yi aiki a hankali kamar na ranar ba. Kowane noti ya kwance sai ya goge shi ya mayar a kan ƙusarsa don kada ya ɓace wa wanda zai saya. Nozul huɗun nan ya naɗe su a takarda ya gaya wa mutanen cewa duka lafiyarsu ƙalau, ya gwada su da kunnensa. Kolo na zaune a benci tare da mu, bai kalli wajen ba, yana ta ba Nababa labarin wani fasinja da ya taɓa shiga motar da rago ya ce ƙaninsa ne don kada a caje shi kuɗin kaya. Ya ba da labarin ya ƙare, ya sake farowa, muka sake yin dariya.

Yanzu Kolo kamasho yake yi a tashar Ɗanbatta, yana kiran fasinja wa motocin wasu, yana gaya wa yaran direbobi inda ramuka suke a hanyar Kano ko ba su tambaya ba. Daga Unguwar Marke zuwa bakin kwalta akwai 'yar tafiya, kuma gwiwar Kolo ba ta son ta. Ba wanda ya roƙi wani, amma kowace safiya Muntaka yakan jingina kekensa a ƙofar zauren Kolo ya buga ƙararrawa. Kolo ya fito yana ƙamshin turare ya hau kariyar bayan keken, ya ce direba ya tafi a hankali yau akwai babban mutum a baya. Muntaka ya ce kaya ba ya magana.

Haka suke wucewa ta gabanmu, keken na layi, dattawa biyu a kai. In suka kai hawan da ke bayan makabarta, ƙarfin Muntaka ba ya kaiwa, sai su sauka su biyun, ɗaya ya riƙe kan keken ɗaya ya dafa sirdi, su tura.